Daga Bakin Shago: Kaya Sun Dawo, Yarda Fa?

 Wannan makon maganata da iyayen gida ce, masu shago da masu sito, a kan yaran da ke tsaye musu tun daga safe har dare.

Shekarun nan ɗan kasuwar da ke ƙetare ya sha wuya. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A Ghana tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen 2022. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, manyan motoci suka yi cirko-cirko a Malanbil, babu halin tsallakawa Gaya. Farkon Janairun 2025 kuma gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar gwanjo ta Kantamanto a Accra.

Duk sanda irin haka ta faru, mun san inda ake fara tsuke baki: a rage kuɗin abincin yara, a riƙe albashi ba bayani, a sallami wasu. In lissafi ya ƙi cika, sai a hau kallon-kallo. To, kasuwa takan farfaɗo, kanta ta sake cika, amma sai ka tarar mai saye ya shigo, yara suna zaune kowa da wayarsa. Maigida ya ce ai halin yaran zamani ne. Ni kuwa a ganina uwar kuɗi ce ta dawo, yarda tana can inda aka baro ta.

Abin ya fi nauyi a ƙetare. Yaron nan daga Maraɗi ko Sakkwato aka ɗauko shi, ubansa ya damƙa maka shi amana. A gidanka yake kwana, bai iya Faransanci ko yaren Ashanti ba, wani lokaci ma takardunsa suna hannunka. Ba shi da inda za shi, don haka jikinsa na shago, zuciyarsa ta daɗe da tafiya. Kuma saƙon murya ɗaya ta WhatsApp ya isa a ji labarinka a garinku kafin la'asar.

Tara su a yi musu wa'azi ba ya gyara wannan. Abin da na ga yana aiki shi ne abin da yaro zai iya ƙirgawa da hannunsa.

Fara da bashinsu. Alhaji, zauna da kowane yaro shi kaɗai, ku lissafa abin da aka riƙe masa har sisin kwabo. In ba ka iya biya gaba ɗaya, raba shi, ka sa rana, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ranar farko da ka cika alkawarin ta fi maganar awa guda.

Sai wanda aka zarga. In a gaban mutane aka kira shi ɓarawo, daga baya gaskiya ta fito, to a gaban mutanen nan za a wanke shi, a kuma kira iyayensa a faɗa musu. Cusa masa ɗan kuɗi a aljihu a bayan shago ba ya mayar masa da sunansa. Sauran yaran suna kallo, kuma kowannensu kansa yake hangowa a wurin.

Daga nan a buɗe littafi. A ware rana ɗaya a mako ta ƙirgar kaya, mutum biyu su yi, su sa hannu. Makullin aljihun tebur da wayar karɓar kuɗi su kasance a hannun mutum ɗaya a kowace rana, don a san wa za a tambaya. Ga kuma wadda ba a son ji: kai ma maigida, in ka zari kuɗin cefane, rubuta. In ɗanka ya zo ya ɗauki turmin atamfa, a rubuta. Sau da yawa giɓin da ake ɗora wa yara daga nan yake fitowa.

Wani zai ce, "In na buɗe littafi ai sun san sirrina." Su suke sauke kayan, su suke sayarwa, sun daɗe da sanin ribar kowane kwali. Abin da ba su sani ba shi ne kuɗin kwastan, da haya, da bashin da ke kanka a Kwatano ko Kano. In sun ga wannan, sai su daina zaton kana kwance kan dukiya kana hana su.

Babbar magana ita ce sallama. Yaro yana jure shekaru ne don yana hangen ranar da za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. In asara ta ɗage ranar, a faɗa masa, a sa wata, a ambaci adadin, a gaban limami ko sarkin zango. Takardunsa kuma a miƙa masa abinsa. Wanda ya zauna alhali yana da ikon tafiya, shi ne mai tsare maka dukiya.

Hajiya, ke ma kina da hannu a ciki. Ke kike ganin wanda ya daina cin abinci, da wanda mahaifiyarsa ke kwance a gida. Abin da yaro ba zai iya faɗa wa maigida ba, ke za ki isar cikin hikima.

Ku kuma samari, in maigida ya buɗe littafi ya sa rana, kada ku ci gaba da gaba. Wanda ya san ya taɓa wani abu, ya mayar.

Kada a yi tsammanin komai zai daidaita cikin mako guda. Yaran za su zuba ido su gani ko ranar biya ta biyu za ta zo kamar ta farko. Allah ya sa albarka a nema, sai mako mai zuwa.