Bashin da Abokan Harbi Ke Bin Juna

A yankunan karkara na yammacin Amurka, a jihohi irin su Idaho da Montana da Wyoming, akwai wata al'adar ƙarshen mako da baƙo zai iya ɗauka wauta ce. Mutum huɗu ko biyar, galibi magidanta, wani makanike, wani malamin makaranta, wani tsohon soja, za su loda akwatuna a mota su nufi filin harbi a bayan gari. Can sai su jera farantan ƙarfe a gindin tudu, su ja da baya, su wuni suna harbinsu da manyan bindigogin hannu waɗanda kowane harsashinsu ya isa ya kayar da namijin barewa. Babu dabbar da za a kashe, babu kuɗin da za a ci. Ladan wanda ya samu shi ne amon ƙarfe da ke dawowa kunnensa daga nesa, wanda ya kuskure kuma ya sha tsiyar abokai.

Ga mai karatun da ƙarar bindiga ba ta taɓa zo masa da labari mai daɗi ba, wanda kuma dokar makamai ta Nijeriya, mai asali daga 1959, ta sanya irin wannan bindiga cikin jerin waɗanda aka hana mallaka sai da izinin shugaban ƙasa, hukunci ba zai yi wuyar yankewa ba: manya ne ke wasa da mutuwa. Masu wasan kuwa suna cewa nishaɗi ne da ba ya cutar da kowa. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Abin da ya kamata a auna wannan al'ada da shi shi ne tarbiyyar da abokan ke ɗora wa juna, da kuma inda tarbiyyar ta tsaya.

Bindigar da ake magana a kanta ita ce libarba, wato bindigar hannu mai ganga mai juyawa, wadda ke ɗaukar harsashi biyar ko shida, kowanne a raminsa. Idan aka ce babba, ana nufin faɗin bakinta ya haura kashi 40 cikin 100 na inci. Tarihinta na zamani yana da alaƙa da wani makiyayi kuma jagoran mafarauta mai suna Elmer Keith, wanda aka haifa a 1899, ya zauna a garin Salmon na jihar Idaho, ya rasu a 1984. Keith ya shafe shekaru yana ƙara wa tsohon harsashin .44 Special albarushi da hannunsa, yana rubuta sakamakon a mujallu, yana kuma matsa wa kamfanoni su ƙera abin da zai jure wannan ƙarfi. A ƙarshen 1955 kamfanin Remington ya samar da harsashin .44 Magnum, kamfanin Smith & Wesson kuma ya ƙera bindigar da daga baya aka sani da Model 29. Dalmar da take jefawa ta kai nauyin giram 15 da rabi, tana fita da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa guda.

Shekaru goma sha biyar bindigar tana hannun mafarauta da 'yan tsirarun masu sha'awa. A 1971 fim ɗin Dirty Harry ya fito, Clint Eastwood ya riƙe ta a matsayin ɗan sandan San Francisco, sai kasuwa ta rikice, shaguna suka kasa wadatar da masu nema. Da yawa daga cikin masu sayen sun harba ta sau kaɗan suka mayar da ita akwati, domin abin da suka gani a majigi bai gaya musu yadda take dukan tafin hannu ba. Duk da haka tseren girma bai tsaya ba. A 1983 kamfanin Freedom Arms na Wyoming ya fara sayar da libarba mai harsashin .454 Casull, a 2003 kuma Smith & Wesson ya fito da .500 Magnum, mai faɗin milimita 12.7, wadda nauyinta ya kai kilo biyu.

Wannan tarihi yana nuna fuskoki biyu na al'adar. Akwai wanda fim ya kawo shi, yana neman a ce ya riƙe mafi girma. Akwai kuma wanda ya zauna bayan ɗokin ya wuce, kuma shi ne ake samu a gindin tudu ranar Asabar. Abin da ke riƙe na biyun shi ne wahalar abin. Babbar libarba ba ta yafe kuskure. Da zarar jiki ya san irin shurin da ke tafe, sai ya fara shirya masa tun kafin harsashi ya fita: hannu ya danna ƙasa, ido ya ƙifta, yatsa ya fizgi kunama. Wannan zabura ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ta isa ta sa dalma ta faɗi ƙasa nesa da faranti. Mai harbin kansa ba ya jin ya yi ta, domin ƙara da shuri sun rufe ta.

Maganin da aka daɗe da sani yana buƙatar mutum na biyu. Aboki zai karɓi bindigar, ya juya baya, ya cika wasu ramukan ganga ya bar wasu da kwanson da aka riga aka harba, sannan ya miƙa. Mai harbi bai san wane ne mai rai ba. Sa'ad da guduma ta faɗa kan ramin da ba komai, ba ƙara ba shuri, kowa zai ga bakin bindigar ya duƙa ƙasa. A nan babu gardama. Babban likita ko attajiri zai tsaya gaban makanike a nuna masa tsoron da ke jikinsa, a yi dariya, a sake cika masa. Wurare kaɗan ne suka rage a rayuwar manya inda mutum ke yarda a ga rauninsa a fili kuma a gyara masa ba tare da ya ji an ci masa fuska ba.

Daga irin wannan zama ne gasar harbin siffofin ƙarfe ta fito. Asalinta Meziko ne, inda a da ake ɗaure dabbobi masu rai a harba lokacin bukukuwa, kafin a maye gurbinsu da siffofin ƙarfe. Amurkawa sun ɗauko ta, a 1976 suka kafa ƙungiyar IHMSA ta masu yin ta da bindigar hannu. Ana jera kaji a mita 50, aladu a mita 100, talotalo a mita 150, raguna a mita 200, goma-goma, arba'in ke nan. Samun siffa bai wadatar ba, sai ta faɗi. Ragon ƙarfen ya haura kilo 20, saboda haka ƙaramin harsashi zai taɓa shi ya bar shi tsaye. Mai harbi kan sami aboki a gefensa riƙe da madubin hangen nesa, yana gaya masa inda dalma ta sauka. Ko a gasar, mutum ɗaya ba ya isar wa kansa.

Masu kare al'adar suna da wasu hujjoji na gaskiya. Babbar libarba tana da tsada, tana da nauyi, ɓoye ta a jiki aiki ne, harsashinta kaɗan ne. Rahotannin hukumar ATF, wadda ke bin sawun bindigogin da 'yan sanda suka kama, suna nuna cewa bistol mai milimita 9 ce ta fi yawa a cikinsu, ba irin waɗannan ba. Ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson ta 1937 da gyare-gyarenta, ana karɓar harajin kashi 10 cikin 100 kan bindigar hannu da kashi 11 kan harsasai, kuɗin kuma suna tafiya wajen kula da namun daji da gina filayen harbi. Sannan filin harbi mai tsari yana da ladubba masu tsauri. Kusan kowa ya haddace ƙa'idoji huɗu da Jeff Cooper ya yaɗa: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar lalatawa ba, yatsa ya nisanci kunama sai an saita, kuma a tabbatar da abin da za a harba da abin da ke bayansa. Wanda ya karya ɗaya, abokansa ne za su fara tsawata masa.

Sai dai abotar da ke gyara ita ce kuma ke iya ɓatawa. Intanet cike take da hotunan bidiyo na mutanen da suka miƙa wa sabon shiga, sau da yawa mace ko matashi, bindiga mafi ƙarfi don a yi dariyar yadda za ta jefar da shi. Wannan ba raha ba ce. Shuri kan ɗaga bakin bindiga sama har ya waiwayo, hannun da ya firgita kuma ya damƙe, yatsa ya sake jan kunama. An taɓa rasa rai ta wannan hanya, shi ya sa masu hankali ke sa wa sabon shiga harsashi ɗaya tak. Akwai kuma ɗan gibin da ke tsakanin ganga da bututu, inda iskar wuta ke fesowa da ƙarfin da zai iya yanke yatsan da aka ɗora a wurin. Ƙarar waɗannan bindigogi ta haura desibel 160, alhali tun daga 140 ƙara ɗaya tana iya yi wa ji lahanin da ba ya warkewa. Ƙurar dalma kuwa tana bin mai harbi gida a tufafinsa, kuma yara ne suka fi cutuwa da ita. Duk waɗannan haɗurra ne da aboki nagari ke iya karewa, aboki marar tunani kuma ke jawowa.

Amma babban haɗarin ba a filin yake ba. A 2021, bisa ƙididdigar hukumar CDC, mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, kuma fiye da rabinsu, 26,328, su suka kashe kansu. Jihohin tsaunukan yamma, inda wannan al'ada ta fi kafuwa, suna cikin waɗanda suka fi yawan kisan kai, kuma maza masu matsakaitan shekaru da tsofaffi, wato ainihin mutanen gindin tudu, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Dalilin da ya sa bindiga ta yi fice a nan sananne ne. Halin ƙuncin da ke kai mutum ga yunƙurin yakan zama na ɗan lokaci, kuma kimanin tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Yunƙurin da aka yi da bindiga kuwa, kusan tara cikin goma ba a tsira. Ƙa'idojin Cooper huɗu an tsara su ne don hana kuskure. Ba su da abin cewa ga mutumin da matarsa ta tafi, ko aikinsa ya ƙare, ko ciwo ya kwantar da shi, yana zaune shi kaɗai da makullin akwati a aljihunsa.

Birtaniya ta bi hanyar hani. Bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996, majalisa ta haramta kusan dukan bindigogin hannu a 1997, har 'yan wasan harbin ƙasar suka koma yin atisaye a ƙasashen waje. A Amurka wannan ƙofa a rufe take, domin a 2008 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Heller, cewa ajiye bindigar hannu a gida haƙƙi ne da tsarin mulki ya kare. Wanda ke jiran doka ta ɗauke wannan nauyi zai daɗe yana jira. Abin da doka ba za ta yi ba ya rage a wuyan waɗanda ke kusa.

An riga an ga alamar yadda hakan zai yiwu. A 2009, a jihar New Hampshire, mutum uku da ba su san juna ba suka sayi bindiga a shago ɗaya cikin ƙasa da mako guda, kowannensu ya kashe kansa jim kaɗan bayan haka. Maimakon zargin juna, masu shagunan bindiga da ma'aikatan lafiya suka zauna tare, suka fito da shirin wayar da kai wanda jihohi da dama suka kwaikwaya daga baya. Shawarar da ke tsakiyarsa mai sauƙi ce: idan ɗan'uwa ko aboki ya shiga mawuyacin hali, a nisanta shi da bindigarsa na ɗan lokaci, a ajiye masa ita a inda doka ta yarda, har guguwar ta wuce. A 2016 ƙungiyar masana'antun bindiga ta ƙasa, NSSF, ta haɗa hannu da gidauniyar yaƙi da kisan kai ta AFSP kan wannan saƙo.

Babu wanda ya fi cancantar isar da shi kamar abokin harbi. Mutumin da ba zai saurari likita ko ɗan siyasa kan bindigarsa ba ya saba miƙa ta ga wannan aboki ya juya baya. Ya saba jin gaskiya marar daɗi daga bakinsa. Abokin ne zai lura cewa wane ya yi Asabar uku bai zo ba, ko ya zo ya zauna shiru, ko ya fara rabar da kayan da ya fi so. Tambayar da za ta biyo baya tana da nauyi a baki, kuma tana iya jawo fushi. Amma ƙungiyar da ke tsawata wa mutum don ya ɗora yatsa kan kunama kafin lokaci ba ta da uzurin yin shiru sa'ad da rayuwarsa ce gaba ɗaya ta karkata.

Saboda haka wasan babbar libarba bai cancanci a yi masa kallon ƙishirwar jini ba, kuma bai cancanci a wanke shi da cewa ba ruwansa da alƙaluman mutuwa ba. Yana koyar da haƙuri da gaskiya da yarda da gyara, kuma waɗannan abubuwa ne masu daraja. Darajarsu za ta tabbata ne idan suka bi abokan suka fita ƙofar filin, har zuwa ranar da ɗayansu zai ƙwanƙwasa ƙofar ɗan'uwansa ya ce ya zo karɓar akwatin, zai dawo da shi idan al'amura sun daidaita.