Wasiƙa Ga Masu Kula Da Sabar Ajiyar Fayiloli



Magana ɗaya ce ta sa na rubuto muku: ayyukan da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna sabar da ma'aikata ke ajiye fayiloli a cikinta. A Linux mai systemd, umarnin systemctl start na wannan lokacin ne kawai, systemctl enable ne ke sa aiki ya tashi a kowace kunnawa. A wurin da ake ɗauke wuta ba sanarwa, sabar kan mutu ta farfaɗo da tsakar dare babu kowa kusa, kuma abin da kuka zaɓa tun farko shi ma'aikata za su tarar da safe.

Amma kada tsoron wannan ya sa ku kunna komai. NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro a 1984, ya canza sosai. Siga ta 3 tana buƙatar rpcbind a ƙofa ta 111, siga ta 4 kuwa ƙofa ta 2049 ta ishe ta. Idan duk kwamfutocinku na kan siga ta 4, me rpcbind ke jira? Ku rufe shi da mask, har da rpcbind.socket, domin disable kaɗai ba ya hana wani aikin tada shi. Haka nmbd na Samba, sunayen NetBIOS kawai yake kula da su, smbd ne ke raba fayiloli.

Wani zai ce a bar su, ai ba sa cin komai. Suna buɗe ƙofa, kuma ƙofar da aka manta da ita ba a gadinta. A watan Mayun 2017 WannaCry ta bi ta SMB1 na Windows ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, a watan ne kuma aka toshe wata babbar kafa a Samba kanta. Wani kuma zai ce tsohuwar na'urar sikanin ofis ba ta jin sabuwar sigar SMB. Wannan hujja ce, na yarda. Ku bar mata aikin, ku taƙaita shi ga adireshinta kaɗai, ku rubuta dalilin saboda wanda zai gaje ku.

A kwamfutocin da ke ɗauko fayilolin, ku sa nofail da x-systemd.automount a /etc/fstab, don kada su tsaya jiran sabar da ba ta gama tashi ba. Bayan kowane gyara ku kashe sabar ku sake kunnawa kuna zaune a gabanta, ku duba abin da ya tashi.

Wassalam.