Gwamna Lugga ya wanke kansa, mu muke riƙe masa buta

Duk shekara muna shiga watan Agusta, ba mai tambayar sunan wa yake kira. Sunan Agustus ne, sarkin Rum na farko, wanda ya hau mulki ta kan gawawwaki. A shekara ta 43 kafin haihuwar Annabi Isa, shi da abokansa biyu suka fitar da jerin sunayen waɗanda za a kashe. Da mulki ya zauna masa, sai ya rubuta tarihin ayyukansa da kansa, aka zana a allunan tagulla, ya nuna kansa mai ceton ƙasa. Ya mutu yana da shekara 75, amma gumakansa ba su taɓa tsufa ba.

Mu ma muna da namu a Kaduna. Gwamna Lugga ne ya zaɓi garin nan ya maye gurbin Zungeru a matsayin hedikwatar Arewa. Matarsa, Flora Shaw, babbar 'yar jarida ce a jaridar Times ta Landan kafin su yi aure, kuma ita ta ba da shawarar sunan Najeriya a 1897. A 1922 ya wallafa littafinsa The Dual Mandate, inda ya mai da mamaya ta zama riƙon amana. Ingila ta karɓa, makarantunmu suka haddace.

To ina Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a 1903? Ina Satiru, kusa da Sakkwato, inda sojojinsa suka hallaka mutane wajen 2,000 a watan Maris na 1906, aka shafe garin? Yau majalisar dokokin jihar Kaduna tana zama a ginin da ake kira Lugard Hall, gadarsa ta ƙarfe da aka ɗauko daga Zungeru tana nan a lambun Gamji, ana ɗaukar hoto a kai.

Wasu za su ce tarihi ne, a bar shi. Ai rabin tarihi ne, rabin da mai shi ya zaɓa. Ba rushe gini muke nema ba. A kafa allo a ƙofar Lugard Hall, da Hausa da Ingilishi, a rubuta Burmi da Satiru da shekarunsu. 'Yan majalisar da ke shiga ta ƙofar nan kullum su ne masu ikon zartar da hakan. Su zartar.