Kafin Ka Jero Sarakuna, Tambayi Ƙasar Garinku

Duk lokacin da ɗayanmu ya ɗauki alƙalami zai rubuta tarihin garinsu, kusan hanya ɗaya muke bi: wani maharbi ya zo ya sauka gindin wata bishiya, daga nan sai jerin sarakuna da shekarun da kowa ya yi a kan gado, sai a rufe da addu'a. Ra'ayina shi ne wannan rabin aiki ne. Wanda bai san ƙasar gari ba, wato ruwansa da tudunsa da hanyar kasuwarsa, ba zai iya gaya mana abin da ya tayar da garin ko abin da ya kwantar da shi ba. Bari in kafa hujja da wani ƙauye na bakin teku a Ingila.

Sunansa Dunwich, mutanen wurin suna kiransa kamar "Danic". Yana yankin Suffolk, gabashin Ingila, a gaɓar Tekun Arewa. A tsarin mulkinsu ƙaramar gunduma ce da ba ta wuce ƙasar dagaci ɗaya a wurinmu ba, kuma mazaunanta yau ba su kai 200 ba. Akwai coci ɗaya, da ɗan gidan tarihi, da kangon wani gidan ibada na da. Baƙon da ya ratsa zai ɗauka haka Allah Ya yi wurin tun fil'azal.

Alhali a ƙarni na 13 wannan ƙauye yana cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na Ingila. Kundin ƙidayar dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086 ya nuna gari ne mai kimanin mutum 3,000. A 1199 Sarki John ya ba shi takardar 'yancin gudanar da harkokinsa. Yana da kasuwa, da masunta, da masu ƙera jirage, da coci takwas na unguwanni. To ina garin ya tafi? Mafi yawansa yana ƙarƙashin teku.

Da marubucin jerin sarakuna ne, a nan zai tsaya ya ce ƙaddara ta faɗa wa garin. Mai duba ƙasa kuwa zai ga abu biyu. Na farko, an gina garin ne a kan tudun yashi da tsakuwa, wanda igiyar ruwa ke ɗan gutsura kullum. Kundin 1086 ɗin ma ya riga ya rubuta cewa teku ya ci rabin gonakin garin. Na biyu, arzikin garin gaba ɗaya ya rataya ne a kan bakin kogi, inda jirage ke samun mafaka. Guguwar 1286 ta yi wa garin mummunar ɓarna, sannan ta 1328 ta tura tsakuwa ta toshe mashigar jiragen. Kogin ya fasa sabuwar hanya can arewa, kusa da ƙauyen Walberswick, ciniki ya bi ruwa ya koma can. Da kuɗin shiga ya ragu, sai aka rasa abin kare gaɓa da shi, attajirai suka yi ƙaura, teku kuma ya ci gaba da cin unguwa bayan unguwa. Cocin ƙarshe na tsohon garin ya zube a hankali tsakanin 1904 da 1919, mutane suna kallo suna ɗaukar hoto.

Ka ga ke nan toshewar bakin kogi ta fara kashe garin, rushewar gidaje ta biyo baya. Babu jerin sunayen shugabanni da zai nuna maka wannan. Har ma wani abin dariya ya faru: gari ya ƙare, amma muƙami ya ƙi mutuwa. Dunwich ya ci gaba da aika wakilai biyu majalisar dokoki a Landan har 1832, lokacin da aka yi gyaran dokar zaɓe. Wanda ya dogara da jerin wakilai kaɗai zai rantse garin yana nan da ƙarfinsa.

Ta yaya aka san duk wannan? Wani ma'aikacin harajin gishiri a garin Southwold da ke maƙwabtaka, Thomas Gardner, ya tattara tsoffin takardun garin ya buga littafi a 1754. A ciki ya sa kwafin taswirar da wani ma'aunin ƙasa, Ralph Agas, ya zana a 1587, mai nuna tituna da gine-ginen da suka rage a lokacin. Bayan fiye da shekara 250, masu bincike na Jami'ar Southampton suka shiga teku da na'urar da ke gano abin da ke ƙasan ruwa ta hanyar amsa-kuwwa, suka samo ɓaraguzan coci-cocin, tsoffin taswirori suna yi musu jagora. Gardner ba farfesa ba ne. Ma'aikaci ne da ya damu da ƙauyen da ke kusa da shi.

Na san abin da wasu za su ce. Wani zai ce labarin baka shi ne gadonmu, kuma shi ke da daɗin karatu. Gaskiya ne, ban ce a yar da shi ba. Dunwich ma yana da nasa: an daɗe ana cewa garin ya taɓa samun coci 52, ana kuma cewa idan ruwa ya yi wani yanayi akan ji ƙararrawar coci tana kaɗawa daga ƙarƙashin teku. Marubuci nagari zai kawo wannan, domin yana nuna irin kewar da mutane ke yi wa garinsu, amma zai faɗi cewa hira ce, ya ajiye ta gefe guda, ya ajiye abin da takarda da taswira suka tabbatar a ɗaya gefen. Laifinmu shi ne cakuɗa su har mai karatu ya kasa bambancewa.

Wani kuma zai ce wa zai karanta tarihin ƙauyen da ko a taswira ba a ganinsa? Amsa ita ce mai karatun yana iya zuwa bayan ƙauyen ya ɓace, lokacin da babu sauran wanda za a tambaya. Mu ma mun ga irin haka. Tsohuwar Bussa ta nutse a tafkin Kainji a 1968, aka mayar da mutanenta sabon matsuguni. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta zama kufai tun 1808. Yau zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada suna tayar da ƙauyuka a gaban idonmu, kuma kowane dattijo da ya rasu yana tafiya da sunayen fadamu da rijiyoyi da burtalai da babu wanda ya rubuta.

Shawarata ga mai son gwadawa: kafin ka je fada neman jerin sarakuna, zaga garin da ƙafa. Daga ina ake ɗebo ruwa, kuma daga ina ake ɗebowa a zamanin kakanka? Ina tsohuwar kasuwa take, me ya tayar da ita? Wace hanya fatake ke bi kafin a yi kwalta, kuma wane gari ya ci ribar sabuwar hanyar? Wace gona ce kwari ya cinye? Zana taswira ko da da biro ne, ka sa kwanan wata. Ka tambayi tsofaffin mata, domin su suka fi sanin tarihin rijiya da rafi. Duk abin da aka gaya maka, rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Bayan haka sai ka je fada, za ka ga jerin sarakunan ya fara ma'ana, domin yanzu ka san abin da kowane sarki ya tarar da abin da ya rasa.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka, Ya ba mu ikon rubuta garuruwanmu tun suna tsaye.