Hasumiyar Drachenfels: Kangon Da Aka Fansa Daga Hannun Mafasa Dutse

A bakin Kogin Rhine, a ƙasar Jamus, akwai wata hanyar keke wadda ta taso tun daga duwatsun Suwizalan har ta dangana da teku a Holan, tafiyar da ta haura kilomita 1,200. Mahayin keken da ya biyo ta, in ya iso garin Konigswinter, kusa da Bon wanda ya kasance hedkwatar Jamus ta Yamma daga 1949 zuwa 1990, zai hango wata tsohuwar hasumiya a bisa ƙwanƙolin dutse, gefenta guda a zube. Sunan dutsen Drachenfels, watau Dutsen Dodo, domin almarar mutanen wurin ta ce wani dodo ya taɓa zama a kogonsa. Tsayinsa mita 321 ne.

A shekarar 1138 ne Akbishop Arnold na Kolon ya sa aka fara gina sansanin yaƙi a kan dutsen, don ya tsare iyakar ƙasarsa ta kudu. A wancan zamani manyan limaman coci na Kolon sarakuna ne masu ƙasa da dakaru. Sansanin ya yi shekara kusan ɗari biyar a tsaye, har zuwa Yaƙin Shekara Talatin wanda ya ɗaiɗaita Jamus daga 1618 zuwa 1648. Sojojin Suwidin suka kama shi a 1632. Bayan an ƙwato shi, mai mulkin Kolon da kansa ya ba da umurni a 1634 aka rusa katangunsa, kada abokan gaba su sake fakewa a ciki.

To, amma ɓarnar da ta fi muni daga baya ta zo, kuma daga hannun mutanen gari. Dutsen yana da kyau wajen gini ƙwarai, tun zamanin Rumawa ake fasa shi. Da shi aka yi aikin babbar majami'ar Kolon wadda aka aza harsashinta a 1248, ana loda shi a jiragen ruwa a gangara da shi kogi. Mafasa dutse suka yi ta ci suna matsowa sama, har suka rarake ƙarƙashin ginin. A 1788 gefen hasumiyar da wasu ɗakuna suka rufta ƙasa. Gaskiyar masu iya magana, da ɗan gari akan ci gari.

Da an bar su, da yau ko tubali ɗaya babu. Abin da ya cece ta shi ne baƙi masu yawon buɗe ido, musamman Turawan Ingila, waɗanda suka fara tururuwa zuwa wurin bayan yaƙe-yaƙen Napoleon. Jama'a suka yi ta kuka a kan aikin mafasan, har a 1836 gwamnatin Prussia ta sayi ƙwanƙolin dutsen, ta hana fasa shi. Ana lissafa wannan mataki a cikin na farko-farko da wata hukuma ta ɗauka a Jamus don kare wuri saboda kyansa da tarihinsa.

Daga nan arzikin garin ya juya daga sayar da dutse zuwa karɓar baƙi. Da jakuna aka riƙa kai mutane sama, shi ya sa har yanzu ake kiran turbar Hanyar Jakuna. A 1883 aka buɗe ɗan jirgin ƙasa mai hawan dutse, wanda yake aiki har gobe. Mai keke yana iya ajiye kekensa a gindin dutsen, ya hau da ƙafa ko a jirgi, ya kalli kogin yana lanƙwasa, in sararin sama ya washe kuma ya hango hasumiyoyin majami'ar Kolon, wadda aka gina da naman wannan dutse.

Sai dai raunin da mafasa suka yi bai warke ba. Bayan duwatsu sun sake zubowa, tilas a farkon shekarun 1970 aka ɗaure ƙwanƙolin da ƙarafa da kankare, kuma ana ci gaba da gyara. Mafasa sun ci ribarsu sun wuce tun ƙarni biyu da suka shige, amma hukuma tana biyan kuɗin gyaran har yau.