Wasan Fantasi: Kowa Ya Tuna Bara

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, ni yau bara zan tuna, a kan wani wasa da ya shiga wayoyin samarin Falgore da Rogo da Ƙaraye, wato Fantasi.

Ga wanda bai sani ba, a wannan wasa mutum ya kan zama koci a cikin wayarsa. Za a ba shi fam miliyan 100 na ƙarya ya sayi 'yan wasa 15 daga gasar Firimiya ta Ingila, kada ya wuce uku daga kulob ɗaya. In ɗan gabansa ya ci ƙwallo a fili ya sami maki 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6. An fara shi a intanet a 2002, yanzu kuwa masu yin sa sun haura miliyan 10.

Amma asalinsa ba a waya ya ke ba. A Italiya wani ɗan jarida mai suna Riccardo Albini ya fito da shi a 1990, ana ƙirga maki daga jarida. A Ingila Andrew Wainstein ya fara nasa a 1991. A lokacin abokai ne su ke haɗuwa wuri ɗaya su yi gwanjon 'yan wasa, wanda ka saya ya zama naka kai kaɗai. Saboda haka tilas ka san ƙwallo, ka kuma jure wa tsiyar abokanka.

Mu ma nan muna da namu tun kafin waya. Wa ya manta ƙwallon marfin kwalba? A share ƙasa a ƙofar gida, a zana fili, kowa ya jera marafai 11, ya raɗa wa kowane sunan gwaninsa, a yi raga da kwalin ashana, a yi ta ɗallinsu da yatsa har a kira magariba. Iyayenmu sun sa wa nasu Odegbami da Muda Lawal, waɗanda suka ci wa Nijeriya kofin Afirka a 1980, da 'yan Raccah Rovers ta Kano, zakarun ƙasa a 1978. A rediyo suka san su. Mu kuma muka sa Ahmed Musa da Rabi'u Ali Pele. Ko sisi ba a kashewa, in an yi faɗa yau gobe an shirya.

A ganina abu uku ne suka ɓata wasan yau. Na farko, kwaikwayo. Yaro bai kalli wasa ko ɗaya ba, sai ya duba abin da wani Bature ya zaɓa a YouTube ya kwafa. Kocin aro ke nan, mai kwafar amsar wani a jarrabawa. Na biyu, kaɗaici. Ka ga samari biyar a benci ɗaya, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, ko gaisawa babu. Na uku, wanda ya fi muni, kuɗi. Wasan kyauta ne, amma an fara cewa kowa ya zuba, wanda ya zo na ɗaya ya kwashe. Jama'a, mu kira abu da sunansa, wannan caca ce, addininmu kuwa ya hana. Daga nan sai shagon caca, irin waɗanda Hukumar Hisba ta rufe a Kano a 2024. Kuɗin tara da na littafi da uba ya samo da gumin gona, can su ke tafiya.

Wani zai ce ai zamani riga ne, kuma Fantasi na koya lissafi da tsimi. Haka ne, ban musa ba. Amma ashe ba za mu iya ɗaukar lissafin mu bar cacar ba?

Ga shawarata. Mu roƙi malamin wasanni ya buɗe mana namu a littafi. Kowane aji ya yi gwanjon 'yan wasa ran Juma'a da kuɗin takarda, daga gasar Nijeriya da ta gidajen makarantarmu. Ran Litinin a ƙirga maki a manna a allon sanarwa. Tukuici kuwa kada ya wuce biro da tafi. Ta haka za mu san namu na gida. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kuma fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka a 2009, amma ɗalibi nawa ne zai iya kawo sunayen 'yan wasanta biyar? Na Arsenal kuwa har na benci mun haddace.

Iyaye, don Allah in kun ga yaro ya ƙura wa waya ido ran Asabar, ku tambaye shi ko akwai kuɗi a ciki. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya sa mu gane, amin.