Tsohon babur: abin da bizit ke gani da abin da ba ta gani

A gidajenmu da dama babur shi ne jakin gida: shi ke kai yara makaranta, ya ɗauko buhun hatsi, ya kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Mafi yawan magidanta kuwa na hannu suke saye, domin kuɗin sabo ya fi ƙarfin aljihu.

Ƙasashen Turai ma ba bakinsu ɗaya ba a kan gwajin lafiyar babur, wanda muka fi sani da bizit teknik. A Ingila duk babur ɗin da ya cika shekara 3 ana gwada shi kowace shekara. Faransa ta daɗe tana jan ƙafa saboda adawar masu babura, sai ranar 15 ga Afrilu 2024 ta wajabta shi. To amma me ake dubawa? Birki, taya, fitilu, kan babur da ƙashin jikinsa, wato abin da zai iya kashe mahayi ko mai tafiya a ƙasa. Ba a buɗe inji. Saboda haka takardar gwaji shaida ce ta ranar da aka yi ta kawai, ba ta ɗauki alkawarin cewa babur zai kai mutum Zinder daga Maraɗi ba.

Tsufa shi kaɗai ba aibi ba ne. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975 bayan ya lura cewa a ƙasashe masu tasowa ba a canja baƙin mai a kan lokaci, sai ya ƙera inji mai sauƙi da ke jure sakaci. Irin wannan, in ya samu mai kula, ya fi ɗan shekara biyu da aka yi kabu-kabu da shi dare da rana.

A ganina gwajin da ya fi amfani shi ne wanda mai saye zai yi da idonsa, tare da bakaniken da shi ya kawo, ba na dillali ba. Ka je da sassafe, ka taɓa injin. In ka ji shi da ɗumi, an riga an tayar da shi, wataƙila don a ɓoye wuyar tashi. Dubi hayaƙi: shuɗi alama ce ta inji yana shan baƙin mai, sai fa in irin su Yamaha Mate V80 ne ko mobilet, masu ƙona mai tare da fetur, waɗanda hayaƙi ɗabi'arsu ce. Haƙoran faifan da sarƙa ke hawa, in sun yi tsini sun karkace kamar ƙugiya, babur ya sha tafiya ko da agogon kilomita ya ce ba haka ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar a zafin ranarmu, ko zanenta bai goge ba, a dube ta da kyau ko ta fara tsagewa. Sabon fenti a wuyan babur kuwa, a kankare shi da farce, sau da yawa walda ce a ƙarƙashi.

Mai sayarwa ma yana da nasa nauyin. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a zaure, ta hana ɓoye aibi a ciniki, kuma malamanmu na Malikiyya sun ba mai saye damar mayar da kaya in tsohon aibin da aka ɓoye ya bayyana. Sai dai tabbatar da haka yana son shaida. Don haka a rubuta takardar ciniki gaban mutum biyu, a ambaci duk aibin da aka faɗa, sannan kafin kuɗi su bar hannu a gwada lambar da aka buga a jikin babur da wadda ke cikin kart giriz, harafi bayan harafi.